Saƙon Da Ban Kai Ba

Duk shekara idan watan Oktoba ya raba, masu gasa ƙwallon nan da Faransawa ke kira maro sukan kafa gwangwanayensu a bakin metiro, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Porte de la Chapelle. Kowa ya zo wucewa sai ya ja hanci ya ce daɗi. Ni kuwa da ƙaurin ya buge ni sai in tsallaka titi ko da ba can na nufa ba. Maro bai yi mini laifin komai ba. Shi ne dai abu na ƙarshe da na ga kakana ya ci da marmari, kwana ɗaya kafin ya ba ni saƙo in ƙi kaiwa. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, yanzu na ba arba'in baya.

A Sevran muke zaune, hawa na tara, ɗaki biyu da falo. Baba yana aiki wurin wani Alhaji mai tura tsofaffin firji da tayoyi zuwa Maradi. Kakan nawa mahaifin Inna ne, kowa Tsoho yake ce masa. Daga Tahoua aka ɗauko shi don a cire masa yanar ido. A zamaninsa madugu ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan ayarin raƙuma ta duwatsun Azbin. Ranar da aka kwance masa ido muka dawo gida, sai ya doshi taga ya tsaya. Ba abin da ke gabansa sai bangon wani bene irin namu, da wanki rataye. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Don wanga anka yanka mini ido?"

Ka san surukuta, ba sai na koya maka ba. Amma ka san ta ne a gida mai zaure da tsakar gida, inda suruki zai bi ta nan, mijin 'ya ya zame ta can. To ɗauko ta ka cusa a gidan da makewayinsa ɗaya ne. Baba ba ya shiga falo sai ya yi gyaran murya a bakin ƙofa. Da safe zai durƙusa daga nesa ya gaishe da Tsoho, kansa a ƙasa, Tsoho ya amsa yana kallon bango. Daga nan an gama magana sai gobe. Abincinsa ma a tsaye yake ci a madafa. Inna kuma 'yar fari ce, ko sunanta Tsoho ba ya kamawa. Saboda haka duk maganar da za ta gitta tsakanin mutanen nan biyu, ta bakina take bi.

Na ji daɗin aikin, ba zan yi maka ƙarya ba. Tsoho Amarya yake kirana, ni kuma in ce ba na auren mai haƙori uku. Idan ya ce in gaya wa ubana cewa ƙarfen ɗumama ɗaki ya mayar da falo maƙera, sai in je in ce Tsoho yana godiya. Idan Baba ya aiko da dogon jawabi, in yanke in kai rabi. Wa zai kama ni? Masu maganar ba za su taɓa zama su gwada abin da aka faɗa da abin da ya iso ba.

Wata huɗu Tsoho ya yi a hawa na tara. Safiya da marece yana zirga-zirga daga taga zuwa ƙofa, har dardumar ta yi hanya. Baba yana gani, abin yana cinsa. Da hutun lakwal, wato makaranta, na ƙarshen Oktoba ya matso, sai ya kira ni madafa ya ce in tambayi Tsoho ko zai so ya ga duwatsu. Wannan saƙon kam na kai shi cif. Sai na ga Tsoho ya jawo sandarsa daga ƙarƙashin kujera yana goge ta da bakin riga.

Jirgin ƙasa muka shiga zuwa Lyon, muka sauka a unguwar Guillotière wurin ƙanin Alhaji, a saman kantinsa mai warin busasshen kifi da daddawa. A bakin kantin aka saya wa Tsoho maro a ƙunshin jarida. Ya ɓare, ya tauna da haƙoransa uku, ya ce gurjiya ce ta yi boko. Washegari da sassafe wani Bafaranshe abokin Baba ya zo da mota. Ya taɓa aikin gina rijiyoyi a ƙasar Adar, Mushe muke ce masa. Inna tana da tsohon ciki, ta zauna wurin matar gidan. Muka tafi ni da Baba da Tsoho da ƙanena mai shekara biyar, sai Mushe da 'yarsa.

Yarinyar ta girme ni da shekara ɗaya. Tana da takalmin hawan dutse mai jan igiya, ni kuma takalmin lakwal ne a ƙafata. Tun a mota nake neman ta so ni kamar raina zai fita. Da Tsoho ya fasa goro ya fara tauna, sai ta sauke gilashi ta juya kai. Ta raɗa mini da Faransanci, wai me ya sa yake rufe baki da rawani, ko ciwo gare shi? Na yi dariya tare da ita. Har yau idan na tuna dariyar nan sai in ji kunyar kaina.

Mun yi wajen awa uku muna yin kudu kafin mu ajiye mota a bakin wani daji da hukuma ke tsaro. Ban taɓa sanin akwai irin wannan ƙasa a Faransa ba. Farin dutse ne ko'ina, da gajerun itatuwa da ganyensu ya yi ja ya fara zuba, da wasu ƙananan ciyayi masu ƙamshi idan an taka. Ƙasa ta tsage ta yi kwazazzabo mai zurfi, can ƙasansa busasshiyar ƙorama, ba ko ɗigon ruwa, sai fararen duwatsu mulmulallu. Tsoho ya tuɓe takalmi ya taka ƙasa da tafin ƙafa. Ya ɗauki dutse ya shinshina, ya ce Azbin ce aka yi wa wanka. Mutumin da nake riƙe wa hannu a lif, ranar nan shi ne a gaba, Mushe da taswirarsa suna haki a baya.

Gwiwa ce ta ci amanarsa. Da muka kai inda hanya ta gangara cikin kwazazzabon, sai ya nemi dutse ya zauna. Mushe ya ce a can ƙasa za a ci abinci, akwai inuwa bayan kwanar da ƙoramar ta yi. Baba ya ce in zauna da Tsoho. Ina ji ina gani jan igiyar takalmin nan ta ɓace a gangare, na zauna ina cika ina batsewa.

Rana tana haskawa, sama garau a kanmu. Amma Tsoho ya daina wasa. Ya juya fuska arewa, inda wani baƙin hadari ya zauna a kan duwatsu can nesa, bai fi tafin hannu ba. Ya sauke rawani daga hanci ya shaƙi iska. Sannan ya nuna mini da sanda wani itace a jikin bangon kwazazzabon. Akwai busasshiyar ciyawa da karare maƙale a rassansa, sama da tsayin mutum biyu.

"Amarya, wa ya aza ciyawa can?"

Na ce ban sani ba.

"Ruwa ya aza ta. Tahi maza ki gaya ma ubanki su hito daga ƙoramar ga, su hau bisa. Ruwa na tahe. Kada ki rage ko kalma guda."

Ashe ya san ina ragewa.

Da gudu na gangara, ba don saƙo ba, don an sake ni. Na same su bayan kwana, sun shimfiɗa zane a kan duwatsu, ga burodi ga cuku. Yarinyar ta matsa ta ba ni wuri kusa da ita, ta ɓallo mini cakulan. Na ɗaga kai na ga sama shuɗiya. Na ayyana yadda zan ce ruwa na tafe, Mushe ya tambaya me aka ce, Baba ya fassara, ita kuma ta kalle ni ta kalli busassun duwatsu ta fashe da dariya. Baba ya ce, "Tsoho lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, yana hutawa." Na sa cakulan a baki.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Ƙanena yana jera duwatsu, Mushe ya kishingiɗa. Sai muka ji murya ta doki bangon dutse ta dawo. Sunan Baba ake kira, tsurarsa, ba Malam ba komai, har sau uku. Muryar Tsoho ce. Shekara goma sha uku da auren Inna, sunan nan bai taɓa fita daga bakinsa ba. Burodi ya faɗi daga hannun Baba. Bai tambayi dalili ba, ya san duk abin da ya sa surukinsa ya kama sunansa ya wuce tambaya. Ya suri ƙanena ya daka mana tsawa mu tashi.

Tsoho yana tsaye a tsakiyar ƙoramar. Murya ba za ta zaga kwana daga sama ba, shi ya sa ya gangaro da gwiwoyin nan, rabi da ƙafa rabi da jan gindi. Ya nuna mana wani gefe da sanda, ba hanyar da muka sauko ba, ya ce mu hau nan. Lokacin na fara jin rugugi kamar babbar mota tana tahowa. Da farko wani siririn jan ruwa ne ya biyo tsakanin duwatsu yana tura ganye. Kafin Baba ya miƙa wa Mushe ƙanena ya juya, ruwan ya kai cinya. Na ga Baba ya rungumi Tsoho ta ƙirji yana ja. Na ga wani kututture ya taho ya bugi Tsoho a haƙarƙari. Baba bai sake shi ba. Mushe ya kamo rigar Baba, suka fito da shi. Inda muka shimfiɗa zane kuwa, ko alamarsa babu. Kuma har lokacin ko ɗigo bai sauka a kanmu ba.

Kwana uku Tsoho ya yi a wani asibiti a Lyon. A rana ta biyu aka bar mu muka shiga. Baba ya zauna a bakin gadon, abin da bai taɓa yi ba, ya kalli surukinsa ido cikin ido. Ina tsaye a ƙofa. Ya ce wa Tsoho, "Baba, tunda ka gani, me ya hana ka aiko tun da wuri?"

Na jira Tsoho ya juyo ya nuna ni. Ko kallona bai yi ba. Numfashinsa yana fita da ƙyar ya ce, "Nauyinka na ji. Ka yi ɗawainiya ka kawo ni, in ɓata maka yini?" Da za mu fita sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Amarya, an kusa ba ki takaba." Kowa ya yi murmushi ban da ni.

Washegari ya rasu. Ba a kai shi gida ba. Mutanen Guillotière suka yi masa wanka da sutura, aka rufe shi a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta a bayan gari, cikin laka da yayyafi. Madugun da ya san kowace rijiya tsakanin Tahoua da Azbin, can yake kwance kusa da titin manyan motoci.

Daga ranar Baba ya ɗaura yaƙi da kunya. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya gaya masa cewa surukuta ce ta kashe Tsoho. Da na yi aure, ranar farko ya zaunar da mijina a kujera ɗaya da shi, ya ce hannu ɗaya za su sa a kwano. Dangi a gida suka ce Faransa ta cinye shi. Bai kula ba. Yanzu 'ya'yana ko labarin durƙuso daga nesa ba su sani ba, gani suke tatsuniya ce. Ubansu da kakansu musun ƙwallo suke yi har makwabta su buga bango. Ni kuma na yi shekara talatin ina jin ana zagin al'adar da ba ita ta yi kisan ba, ina shiru.

Bara Baba ya yi jinya, na tsorata kada ya tafi ban faɗa ba. Wata Lahadi na same shi shi kaɗai a falon nan na Sevran. Na durƙusa na gaya masa komai, tun daga ciyawar da ke kan itace. Na ce Tsoho ya aiko, ni ce ban kai ba. Ya saurara har na gama, yana jan carbi.

"Ke kina tsammanin ban sani ba?" in ji shi. "Madugu ya ga ruwa, ya saki jikarsa ta gangara ƙorama haka kawai? Tun a motar asibiti na gane. Na tambaye shi ne a gabanki don in ji inda yake so a ajiye laifin. Inda ya ajiye, nan na bar shi."

Na ce, to kunyar da ya yi ta zagi fa?

Ya ajiye carbi. Sannan ya ce har yau duk ranar da ya sa hannu a kwano ɗaya da mijina, abincin ba ya wuce masa da daɗi.