Katin da Baba Saje Ya Maido

Kafin shekarar nan, sojan da na sani a cikin littafi yake zaune. Dogo ne, mai saje da tattausar murya, kaki ya zauna masa ɗas, in ya sauko daga mota 'yan mata su rasa inda za su sa idonsu. Daga wani shagon hayar littattafai da ke kusa da shataletalen Bata nake karɓo su, bibbiyu, in tura su ƙarƙashin yadin da nake ɗinkawa. Ƙafata tana kan keken ɗinki, zuciyata tana wani bariki mai furanni da ban taɓa gani ba. Mijina ɗan kasuwar Singa ne, shinkafa da taliya yake sayarwa, kuma ya daɗe da haƙura da ni. In ya tarar miya ta kama sai ya ce, “Yau kuma wane kyaftin ne ya ƙona mana tukunya?”

Unguwarmu a Fagge ƙarama ce, kowa ya san kowa. A damunar nan aka kawo labarin rasuwar ɗan maƙwabciyata, soja ne da aka tura arewa maso gabas. Ko gawarsa ba mu gani ba, can aka yi masa sutura. Ranar sadakar uku, mijina ya dawo daga zaman makoki ya ba ni labarin abin da mai unguwa ya faɗa. Wai ya dubi wasu tsofaffin sojoji da ke zaune a gefen tabarma, ya ce, “Mun iya kuka ga wanda ya tafi. Waɗanda suka je suka dawo fa, me muka taɓa yi musu?”

Daga nan aka yanke za a yi walima a ƙofar gidan mai unguwa, a zaunar da tsofaffin sojojinmu a gaba, a sa wa kowa babbar riga da hula, a ce musu mun gode. Liman ya yi sanarwa a masallaci kwana uku a jere: duk gidan da ke da tsohon soja a kawo sunansa. A wurinmu abin da aka faɗa a masallaci ya isa kunnen kowa, maza su ji su kai wa mata. Aka samu suna bakwai. Aka sa ranar Lahadi da ƙarfe goma na safe, don ranar ce 'yan kasuwa ke samun sarari. Ni kuma aka ce in tsara kalmomin katin gayyata, tunda ni ce mai karance-karance. Na zuba duk abin da na haddace: gwaraza, taurarin ƙasa, waɗanda suka sadaukar da ƙuruciyarsu. Da aka bugo katin na karanta shi ya fi sau goma, ina jin daɗin kaina.

Katin Baba Saje ni na kai, don gidansa kamar gidanmu ne. Mutumin Barno ne, ya fi shekara arba'in a Kano, tun da ya ajiye kaki yake sana'ar wankin hula a soron gidansa. Ɗingishi yake yi da ƙafar hagu, kuma a 'yan shekarun nan ciwon suga ya sa ƙafar ta ƙara nauyi. Na same shi a tsakiyar huluna, an kifa su a kan itatuwansu suna shan iska, soron yana ƙamshin sitaci. Na durƙusa na gaishe shi.

“Amarya,” ya ce. Shekarata goma sha ɗaya da aure amma bai canza min suna ba. “Me kika kawo min, tuwo ko sammaci?”

Na miƙa masa katin da hannu biyu. Ya sa tabarau, ya wuce duk kalmomina masu daɗi bai tsaya ba, ya sauka kan jerin sunayen da ke ƙasa. Ya bi su da yatsa. Ya koma sama ya sake bi.

“Bakwai,” ya ce. “Ina na takwas?”

“Baba, waɗanda aka kawo kenan.”

“A ina aka yi cigiyar?”

“A masallaci.”

Ya cire tabarau ya naɗe. “To ai shi ba a masallaci zai ji ba. Wa ke gyara miki keke in ya tsaya?”

Ban ga haɗin ba. Mai gyara min keke Papa ne, wani gajeren dattijo Inyamuri da ke zuwa daga Sabon Gari da jakar kayan aiki a rataye. Duk matan unguwar da ke ɗinki shi ne likitan kekunansu. Yana shiga gidajenmu har tsakar gida, ya yi sallama da Hausarsa garau, ya zauna a kan kujera 'yar tsugunno yana tsokanar yara. Ban taɓa duban wannan mutum na tuna da soja ba.

“Kofur ne,” in ji Baba Saje. “Direban motarmu, lokacin da aka tura mu wata ƙasa kwantar da tarzoma. Ranar da aka same ni a ƙafar nan an ce kowa ya ja baya. Shi ya juyo da mota. Hannun da yake sa wa kekenki mai, da shi ya ɗaure min jijiya har muka kai asibiti.” Ya miƙo min katin. “Ki mayar wa mai unguwa. Ki ce na gode, Allah ya saka. Amma ba zan zauna a sa min riga ba alhali wanda ya kawo ni gida yana tsallaken titi bai sani ba.”

Na shiga cikin gida. Inna, matarsa, ta ja ni ɗaki ta ɗaga filo ta nuna min wani ƙyalle. Lambobinsa ne na girma guda uku, suna ta ƙyalli. Ta ce tun ranar da liman ya yi sanarwa yake goge su da toka da lemon tsami, kullum in ya zaci ba ta kallo. “Shekara arba'in ba wanda ya ce masa sannu,” ta ce. “Yana son ranar nan, 'yata. Amma in ya ce ba zai je ba, to ba zai je ba.”

Mai unguwa bai yi gardama ba. Ya dafe kai ya yi salati, ya ce a ƙara suna da alƙalami, a kai wa tela yadin riga ta takwas. Mijina ya ce tunda ni na san Papa, ni zan kai masa katin.

Washegari da hantsi na tsallaka Sabon Gari. Shagonsa ɗan ƙarami ne a jikin gidan da suke haya, kawunan kekuna a jere a kan katako. Matarsa, wadda kowa ke kira Mama, tana zaune a bakin ƙofa tana ɓare agushi. Ita ta karɓi katin kafin ya kai hannunsa. Ta karanta, ta ɗaga shi sama ta duba sunan da aka rubuta da biro a ƙasan na injin.

“Oho,” ta ce. “Bakwai na inji, ɗaya na biro. Ragowar tuwo aka kawo mana.”

“Mama, wallahi kuskure ne, ba mu sani ba.”

“Shekara nawa yana shiga gidajenku? Kun san yana son ruwan randa, kun san ba ya cin yaji. Ba wadda ta taɓa cewa, Papa, da can me kake yi?” Ta sake duban katin, sai ta fashe da dariya. “Lahadi ƙarfe goma! Maigida, zo ka gani. Sun sa maka biki daidai lokacin da kake gaban Ubangijinka.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mu duka, har da masu shaguna kusa da coci, ba wanda ya tuna. Papa ya fito yana goge hannu da tsumma. Bai yi fushi ba, kuma hakan ya fi yi min ciwo.

“Madam tela, kar ki damu da bakinta,” ya ce. “Ku yi bikinku. Abin unguwarku ne, ni kuma nan nake kwana. Ki gaishe min da saje, ki ce ya je ya sa rigarsa, kar ya yi taurin kai.”

Na roƙe shi da duk lafazin da na iya. Na ce masa gwarzo, na ce tarihi ba zai manta da shi ba. Murmushi kawai ya yi, ya tambaye ni ko keken nawa ya daina tsinka zare.

Sauya lokacin bai zo da sauƙi ba. Masu rumfa sun ce da yamma suna da wani bikin, matan da za su yi girki suka yi ta mita, wani ma ya ce don mutum ɗaya za a birkita mutum ɗari? Mai unguwa ya ce e, don mutum ɗaya. Aka mayar da shi bayan la'asar, aka aro rumfa daga makarantar Islamiyya. Na koma wurin Baba Saje na faɗa masa an gyara komai, amma Papa ya ce ba zai zo ba.

“Me kika ce masa?”

Na maimaita masa.

Ya yi tsaki yana dariya. “Gwarzo! Amarya, soja kika je roƙo da kati mai fulawa? Koma. Kar ki zauna, kar ki yi doguwar gaisuwa. Ki ce masa: saje ya ce fareti ƙarfe huɗu da rabi, ƙofar gidan mai unguwa, da lambobi a ƙirji. Shi kenan. Ki juyo.”

“Baba, sa'an ubana ne fa. Yaya zan yi masa magana a tsaye?”

“Ba ke kike magana ba, ni ne.”

Ranar Asabar na koma. Na tsaya a bakin shagon, na faɗi saƙon kamar mai karanta allo. Mama ta buɗe baki za ta yi magana, Papa ya ɗaga mata hannu. Na ga kafaɗunsa sun miƙe, har ya ƙara tsawo a idona.

“Haka ya ce? Fareti?”

“Haka ya ce.”

Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Na juyo kamar yadda aka umarce ni.

Ranar Lahadi, ana idar da la'asar wuri ya cika. Mu mata muna gefe ɗaya a kan tabarmi, manyan kuloli na shinkafa da zoɓo a bayanmu. An jera kujeru takwas a gaba. Baba Saje ya fito da sandarsa, lambobi uku a kan farar rigarsa, ya zo gaban kujerarsa ya tsaya. Mai unguwa ya ce, “Bismillah, Baba, a zauna.” Ya ce fareti bai cika ba. Sauran tsofaffin shida, da suka riga suka zauna, suka dubi juna, suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, har da wanda sai da aka kama shi.

Huɗu da rabi ta yi, ta wuce. Ina ganin ƙafar Baba Saje tana rawa, gumi yana bin wuyansa. Inna ta riƙe min hannu har farcenta ya shiga fatata. Surutu ya ɗauke, sai ƙarar motoci daga babban titi. A raina ina ta addu'a, ina cewa Allah kar ka sa tsohon nan ya faɗi a gaban jama'a saboda sakacinmu.

Biyar saura kwata wata adaidaita sahu ta shigo layin, wata tana bin ta. Papa ya sauko cikin baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci, lambobi biyu a ƙirji, takalmi yana sheƙi. Mama da wasu mata uku suka sauko daga ta biyun da kula a kai. Ya tako har gaban Baba Saje, ya buga ƙafa, ya sara masa. Baba Saje ya jingine sandar a jikin kujera ya rama.

“Kofur, ka makara minti goma sha biyar.”

“Saje, go-sulo ne a Bata.”

“Ranar da aka same ni a ƙafa ma cewa ka yi go-sulo.”

“Ranar nan ai na iso, ko ban iso ba?”

“Ka iso,” in ji Baba Saje. Ya juya ga sauran ya daka tsawar da ban san tana cikin ƙirjinsa ba, su takwas suka zauna a tare.

Liman ya yi addu'a ga waɗanda suka dawo da waɗanda ba su dawo ba, mahaifiyar yaron da ya rasu tana kuka a hankali kusa da ni. Aka sa wa kowa rigarsa. Ta Papa ta yi masa yawa har tana jan ƙasa, don tela bai gwada shi ba, Baba Saje kuma ya kafa masa hular da ya wanke da hannunsa. Mama ta matso tabarmarmu ta zauna a gefena, tana kallon mijinta yana kokawa da hannun riga.

“Dubi abin da kuka mayar min da miji,” ta ce. “Alhaji sak.” Ta goge ido da bakin zaninta, ta turo min kular da ta kawo. “Zuba wa saje tukuna. Tun ɗazu yake tsaye.”