Kujerar da Muka Dawo da Ita Babu Kowa

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da 'yata mai aikin jinya. An aiko mini cewa abokin ƙuruciyata, manomin rani a wani ƙauyen Bunkure, ƙafa ta kayar da shi. Niyyarmu mu taho da shi asibiti, har kujerar gaba muka bar masa.

Hanyar Zariya lafiya lau, sai ramukan da muka saba gaisawa da su. A Kura muka karya da gurasa. Tumatir ya yi araha har mai sayarwa na roƙonka. Bayan injin casar shinkafa na ga tulin ɓuntu yana hayaƙi, babu harshen wuta ko ɗaya.

A bakin kanal ɗin ban-ruwa muka tarar da wani tsoho zaune, gwiwoyinsa sun kumbura sun yi suntum. Na rusuna na ce, "Baba, barka da hutawa." Sai ya yi dariya, haƙoran ma saura kaɗan.

"Ɗan birni, yau ni ne Baba?"

Ashe abokin nawa ne. Na girme shi da damina guda. Wallahi kunya da tausayi suka rufe ni.

Shekaru yana tsaye cikin ruwan shinkafa. In gwiwa ta ɗau zafi, sai wanzami ya yi masa ƙaho, ya haɗiyi ƙwayar masu talla, ya koma dashe. A ganinsa zafin alamar jini mai ƙarfi ne. 'Yata ta duba gwiwar, da dasashinsa mai jini, da gyambon ƙwaurinsa. Ta ce kumburi na 'yan kwanaki gyara yake yi wa jiki, amma wanda ya ƙi lafawa cin jiki yake a hankali, har zuciya da jijiyoyi, ya tsofar da mutum kafin lokacinsa. Na tuna ɓuntun nan na Kura.

"Baba, ka biyo mu yau," in ji ta.

"'Yata, kwana na Allah ne. Bari a yanke shinkafa."

Na yi lallashi, na yi faɗa. Ya cika mana but ɗin mota da albasa, ya tsaya dogare da sanda yana ɗaga hannu.

Bayan la'asar muka iso gida. Abin da na koyo shi ne, ciwon da ake sabawa da shi ya fi mai kayarwa ɓarna. Da na zo cire takalmi, na kira 'yata na nuna mata idon sawuna, wanda na yi wata bakwai ina ɓoye mata kumburinsa.