Gorar da Ta Sha Kiɗa

A gidanmu na ƙauye, can gefen Tofa, ba a yin tatsuniya sai amfanin gona ya shigo gida. Kakata, Iya Hansai, ita ta kafa wannan doka, wai wanda bai cika rumbu ba bai kai a yi masa ƙarya ba. Da an kwashe tuwo an yi sallar lisha, sai ta hana a kashe murhu, ta tura karan dawa a ciki, ta binne mana gyaɗa a rushi. Mu jikoki mu kewaye ta. Ni kullum a jikin ƙafarta nake zama, ba don na fi kowa sonta ba, don na fi kowa tsoro ne. Ita ma ta sani. “Matso nan, maigida,” take ce min. “Kowa mijinta ke kare ta, ni nawa a zanina yake ɓuya.”

A bayanmu, bakin ɗaki, Gwaggo Dije ke zama, ƙanwar babana. Ita ce zabiyar yankinmu a lokacin. Biki ko suna, in ba ta zo da matan da ke yi mata kiɗan ƙwarya ba, ba a sa shi a lissafin biki. In tatsuniya ta zo wurin waƙa, ita Iya ke miƙa wa.

Tatsuniyar da ta fi hana ni sukuni babu dodo a cikinta, babu kura. Iya ta ce, “Ga ta nan ta taso, wa zai ba ta wurin zama?” Muka ce ta zo mu ji ta.

Wai akwai wani manomi, Tanko, mai gona har ido ya gaji, mai rowa har kaza ba ta kiwo a ƙofarsa. Duk damina yakan kira gayya, samari su taru su yi masa huɗa, mai gangar noma yana binsu yana kaɗa wa kowa takensa. Abin da ke ci wa Tanko rai shi ne makaɗin nan. Bai taɓa riƙe garma ba, amma in an kawo fura shi ne mai babban ludayi. Sai Tanko ya je wurin wata tsohuwa a gindin tsamiya, ta ba shi gora mai marfi. Ta ce ya ɓoye ta a gona ranar gayya, ya buɗe bakinta, za ta shanye kiɗan. Haka aka yi. Gora ta sha kiɗan safiya ta ƙoshi, ya toshe.

Da damina ta zagayo, Tanko ya kira gayya, bai aika wa makaɗi ba. Ya buɗe gora, sai ga kiɗa ras, kamar mutumin yana tsaye. Samari suka yi ihu suka duƙa. Rana ta take, gora na nan a kan kiɗan safiya, irin na masu sabon ƙarfi. Kuma a wurin gayya abin kunya ne namiji ya miƙe ganga na tashi. Ƙugu ya ƙage, harshe ya bushe, ba wanda ya yarda ya zama na farko. Suka fara zubewa cikin kunya ɗaya bayan ɗaya. Can sai gora ta kaɗa taken wani saurayi da ya rasu da rani, ta yi ta kiransa, ƙaninsa na duƙe yana kuka yana huɗa.

Ni dai na kasa haƙuri. Na ce, “Iya, to a toshe ta mana!”

“Da me, maigida? Marfin ya faɗi an huɗe shi.” Ta juya gyaɗa da tsinke. “Shi makaɗi ba fatar ganga yake kallo ba, ƙugun manoma yake kallo. In ya ga ya yi nauyi ya sassauta, in ya ga wani zai faɗi ya kaɗa masa takensa. Ita gora ina ta ga ido?”

Ta ce Tanko ya haƙa rami ya binne gorar, amma har gobe tana kiɗa a ƙarƙashin ƙasa. Sannan ta karkaɗe zani ta ce, “Ƙurunƙus, wuta ta ci rabonta, kowa ya nemi tabarmarsa.” Na kwanta na sa kunne a tabarma, wallahi na ji ta, dum, dum, dum. Sai da na girma na gane bugun zuciyata nake ji.

Yau sana’ata haɗa kiɗa ce. Ina da ɗan situdiyo a Ungogo, ɗaki ɗaya da kwamfuta da fiyano. Kalangu, ganga, ƙwarya, sarewa, duk suna ciki, an naɗo sautinsu an yayyanka, abin da muke kira samful. Ba zan zage su ba, a cikinsu nake ci. Samful ba ya makara, ba ya fushi don an ce ya maimaita, ba ya cewa an yi masa rasuwa a ƙauye. Samarin mawaƙa kuwa huhunsu kamar zugazugi, duk gudun da ka sa musu za su bi.

Bara ciwon ƙirji ya kama Gwaggo Dije. Aka kawo ta asibiti a birni, ta sauka a gidana. Ina jin yadda numfashinta ke fita da ƙyar, hankalina ya tashi, don waƙoƙinta ba a taɓa naɗar ko ɗaya ba. Da ta ɗan ji sauƙi na lallaɓa ta na kai ta situdiyo. Na haɗa mata kiɗan ƙwarya mai tsabta, na sa mata abin ji a kunne, na tsayar da ita gaban makirufo.

Ta ɗauki waƙa, muryar na nan da zaƙinta. Ba ta yi nisa ba numfashi ya yanke. Kafin ta jawo wani, kiɗa ya wuce ya bar ta. Muka sake, muka kuma sakewa. Na rage masa gudu, sai ya zama inda take da ƙarfi shi ke jan ƙafa, inda ta gaza kuma bai tsaya ba. Ta cire abin daga kunne ta miƙo min.

“Ɗan nan, kashe. Injinka bai yi laifi ba. Waƙa ce ta bar ni.”

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, domin na ga ta yarda da abin da ta faɗa. Ta koma gida, ’yarta ta ce min ko ɗan gunaguni na waƙa da take yi in tana tsince wake ta daina. Mace ce da aka san ta da murya tun tana budurwa, ga shi ta yi shiru, kuma na san shiru irin wannan yana gama tsoho kafin ciwo ya gama shi. A kwanakin nan ne tatsuniyar Iya ta dawo min, Allah Ya jiƙanta. Ina yaro na ɗauka labarin rowa ne. Ashe labarin kiɗan da ba ya ganin mutum ne, kuma irinsa na sa wa Gwaggo a kunne.

Na ɗauki makirufo na tafi ƙauye, na nemi Inna Ladi, wadda ke jan kiɗan ƙwaryar Gwaggo tun suna ’yan mata. Inna Ladi ta girmi Gwaggo, idonta ya yi rauni. Na gaya mata abin da ya faru.

“Dije ce ta ce waƙa ta bar ta? Ƙarya take. Kai kuma da ka haɗa ta da baƙon makaɗi? Ɗauko min ƙoren can a bayan randa.”

Bayan la’asar muka zauna a tsakar gida. Gwaggo ta ƙi yin waƙa, Inna Ladi ba ta roƙe ta ba, kiɗa kawai ta fara. Da ya yi nisa sai na ji Gwaggo ta shiga, a hankali. Ina ta jiran wurin da numfashi zai yanke. Ya kuwa yanke. Inna Ladi ta karkatar da kai wajen ƙirjin ƙawarta, ta yi ta juya kiɗan a wuri ɗaya kamar mai sallama a ƙofar gida, har Gwaggo ta samu iska ta fito, suka wuce tare. Haka suka yi ta yi har ƙarshen waƙa. Gwaggo ta share ido ta ce, “Ladi, kin tsufa, hannunki ya yi sanyi.” Inna Ladi ta ce, “Jiran wa nake yi?”

Da na zuba abin da na naɗa a kwamfuta, kiɗan bai hau layin awon gudu ko ɗaya ba, nan sauri, nan jinkiri. Wani abokin aikina ya ce mu yanka mu daidaita. Na ƙi. Sauran kayan kiɗan da hannu na kaɗa su a fiyano, ina bin tsofaffin nan biyu, ina tsayawa inda suka tsaya, na sha wuya kuwa.

Amma waƙa ɗaya ce kawai muka samu. Jiya Gwaggo ta sa aka kira ni a waya, muryarta cike da murna, wai ta tuno wasu da yawa, in zo da kayana. Na aika wa Inna Ladi, aka ce hannunta ya kumbura, ko ludayi ba ta iya riƙewa. Na tambaya ko akwai yarinyar da ta koya a wurinta, aka yi min dariya, wai yanzu biki lasifika ake ɗaukowa haya. Ban gaya wa Gwaggo ba tukuna, na dai ce mata ina nan tafe. Waƙoƙin suna ƙirjinta, makirufo yana jakata. Wanda ya iya jiranta nake nema ruwa a jallo.