Bencinan Baba Barnaba Sun Kusa Zama Ba Kowa

Jama'ar unguwar New Bell, na sauka lafiya, mace ce, ga kumatu! Amma labarin Baba Barnaba na kawo muku, mai gyaran takalmin nan na bakin kwata.

Kullum da sassafe yana kan kujerarsa da allura da zare. Ran Lahadi da yamma kuwa sai ya jera benci huɗu a tsakar gidan Inno Hapsatu. Ita Musulma ce, ita ta ba shi wurin, bayan coci ta karɓe ɗakinsa ta ba 'yan koral masu waƙa. Ko a jikinsa. Ya ce masu bi na farko ma a gidajen mutane suke taruwa.

Kowane benci da Linjilarsa: Matiyu, Markus, Luka, Yohanna. Labari ɗaya, kowa ya karanta nasa da Hausa. Ranar da aka zo kan matan da suka je kabari, Halilu ɗan dako na kasuwar Mboppi ya tashi.

"Baba, nawa ya ce mata uku, na wancan ya ambaci ɗaya. Wa ke mana wasa?"

"Zauna, sarkin gardama. In bensikin, babur ɗin haya, ya kife a kasuwa, shaidu huɗu bakinsu ɗaya ne? Amma kowa ya ga ya kife."

Haka 'yan arewa da faransanci ya fi ƙarfinsu suka koyi karatu. Ni ma a bencin Luka na iya haɗa baƙi.

To yanzu fa? Halilu ya koma gida. Matasa sun ce Hausa ta tsofaffi ce. Bencin Matiyu kaji ke kwana a kai. Idon Baba ya tafi, a lopital likitoci sun ce an makara. Littafin Markus da ka yake kawo shi, in ya manta ya yi shiru, ba mai ɗora masa. Da na kai masa jaririyata, da yatsa ya bi fuskarta.

"Da wa ta yi kama?"

"Da babanta, Baba."

"Allah ya ba ta haƙuri," ya ce, muka yi dariya. Sannan ya gaya mini ɗansa zai zo ranar Asabar ya mai da shi garinsu, Mokolo.

"Salamatu, wa zan bar wa bencinan?"

Na buɗe Luka don in nuna masa zan iya. Aya ɗaya na yi ta tuntuɓe har yarinya ta farka.

Baba, kai ne ka ɗinke mana takalmi, ka buɗe mana littafi, ba ka taɓa jin na gode a gaban taro ba. Mun gode, gwanin haƙuri.

Ku kuma da kuka iya karatu ba tuntuɓe, ku zo wannan Lahadin. Zan zauna da goyona har magariba. Inno ta ce in ba wanda ya leƙo, za ta ba mai shayi aron bencinan.