Baba Hamisu Bai Taɓa Tsallaka Ƙofar Nan Ba

Sunana Nazifi, mai digiri na biyu a fannin injiniyan ruwa, wanda ya shekara biyu yana kwana ɗaki ɗaya da marigayi Baba Hamisu direba a unguwar Fereej Abdel Aziz, nan ƙasar Larabawa. Manufar wannan rubutu biyu ce: ta'aziyya da tuhuma.

Ina ɗakin karatu, azumi saura ƙiris, aka kira ni cewa an same shi cikin mota, goshinsa bisa sitiyari, rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A filin ajiye motoci ne na shagon nan da hukuma ta lamunce wa sayar da giya ga baƙi masu katin izini. Shagon yana da ƙayyadaddun sa'o'i, kuma da Ramadan rufe shi ake yi ruf har Sallah, shi ya sa kafil ɗinsa, wato ubangidan da yake wa aiki, wani Bature, ya sa suka yi sammakon kama layi. Baturen ya fito, ya jera katan-katan a but, ya kishingiɗa a baya, ya ce, "Yalla," wato mu tafi. Sai da ya faɗa sau uku kafin ya leƙa fuskar mutumin da ya shekara tara yana tuƙa shi.

Ina shaidawa, shaida ta ilimi da zaman tare, cewa Baba bai taɓa tsallaka ƙofar nan ba, bai taɓa ɗaukar katan ba. Yakan ce, "Ni mota nake tuƙawa, ba maƙogwaron kowa ba." Ba ya sa buhun shinkafarmu a but sai ya wanke shi da sabulu. Ya fi mashayan sanin lokacin rufe shagon, domin in suka tarar an rufe, shi ke shan zagi. Ya taɓa ce mini, "Yaro, lokacin sallah da lokacin Bature, kowanne ka makara ka yi laifi. Amma Mai yafiya ɗaya ne."

Tun ba a yi masa sutura ba, wani babba a ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna nan ya rubuta a zaurenmu na waya: "Jama'a na shirin sahur, shi yana bakin mashaya. Kowa da inda ake karɓar ransa." Wasu suka bi shi da hoton dariya. Maganar ta riga takardar mutuwarsa isa garinsu, Funtuwa. Mai ɗakinsa, Inna Rabi, ta kira ni, ta ce, "Nazifi, tsakaninka da Allah, sha yake yi? Yaransa sun daina fita ƙofar gida."

To, ranka ya daɗe mai wancan rubutu, ga abin da ka jahilta. Baba bai yi boko ba, ni nake karanta masa saƙonninsa. Ni na karanta masa naka bara: "Baba, a taimaka da kwalba biyu cikin na oga, na wani aboki ne." Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ce masa abokin ya sha zoɓo." Sannan ya kama hannuna ya ce, "Ka rufa masa asiri, yaro, Allah ya rufa naka." Na yi alkawari. Shi ya sa ranar jana'iza, da ka tsaya nesa da sahu kana gyara babbar riga, na haɗiye sunanka.

Allah ya jiƙan Baba Hamisu, ya yalwata makwancinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Inna Rabi da marayunta haƙuri, ya mayar musu da mutuncin da aka wofintar.

Ina buƙatar amsarka a rubuce, da sa hannunka, kana mai janye ƙazafin nan, a zauren da ka yi shi, da kwafi zuwa Funtuwa, kafin Juma'ar farko bayan Sallah. Alkawarin Baba ne kaɗai ya ɗaure mini baki, kada ka jarraba ƙarfin igiyar. Wayarsa tana hannuna, kuma kullum sai na yi mata caji.