Takobin Boma a Maƙerar Sabon Gari

Asuba ta yi mana a bakin titin Samaru ranar Asabar da ta wuce, ni da ƙanen matata da kekensa guda ɗaya. An kwana ana ruwa, ƙasa sai ƙamshi. Shi ke tuƙi, ni ina baya, in mun zo hawa mu sauka mu tura. Ya ce tun da ya sayi keken nan bai taɓa ɗora masa buhu mai nauyina ba.

Abin da ya fitar da ni daga gida zai ba wasu dariya. Na yi soja, kuma ina cikin waɗanda aka kai Boma lokacin yaƙin Japan. A can, bayan wata arangama a bakin rafi, na tsinci takobi irin na sojojin Japan. Na yi watanni ina ɗauke da shi naɗe cikin bargo. Da muka hau jirgin ruwa za mu dawo, wani Bature ya bi mu ya karɓe duk irin waɗannan kaya, ya ce in mun sauka Ikko za a ba kowa nasa. Ban sake ganin takobin ba. Yanzu lebura nake a gonar gwaji, amma wani lokaci ina cikin nome auduga sai in ji ƙotarsa a tafin hannuna. To sai aka ba ni labarin wani maƙeri a Sabon Gari wanda in ka kwatanta masa abu yakan ƙera. Ɗan abin da na tara, matata ta riga ta ce na kwanon rufin ɗaki ne. Da za mu fita ta miƙo mini ƙullin dafaffiyar gyaɗa ta koma ciki.

Hanya ta yi kyau, dawa ta fi mutum tsawo dama da hagu. Muka wuce matan ƙauyen Bomo da itace a kai, da 'yan Fulani da ƙwaryar nono, da leburori masu tafiya wurin ginin sabuwar kwaleji. A Hanwa muka tsaya shan koko. Ƙosan kwabo yanzu sai ka duba da kyau kafin ka gan shi a ganye. Da na yi magana, mai suyar ta ce in je in tambayi mai man gyaɗa. Gaba kaɗan wata babbar mota ta yi mana wanka da ruwan taɓo, direba har da ɗaga hannu. A mararrabar dogo muka jira jirgin ƙasa ya wuce, kukansa ya tuna mini ranar da aka kwashe mu daga tashar nan, muna leƙe ta taga muna ta waƙa.

Sabon Gari kuwa kunne ba ya hutawa. Kantunan Ibo sun kunna waƙoƙi a garmaho, matan Yarbawa na kiran masu cin teba, 'yan kamasho na jan rigar mutane a tasha. Muka bi ƙarar masaba har bayan kasuwa. Maƙerin dattijo ne siriri, gashin hannunsa duk wuta ta cinye. Ya bar mu muka gama gaisuwa, sannan ya aje garmar da yake gyarawa.

Na ce masa takobi nake so, amma ba irin namu miƙaƙƙe mai baki biyu ba. Na share ƙasa na zana masa da tsinke: ɗan lanƙwasa kaɗan, kaifi gefe ɗaya, ƙota doguwa ta hannu biyu naɗe da igiya. Na ce a bakin kaifin akwai wani zane kamar sawun ruwa a kan yashi. Ya daɗe yana kallon zanen. Ya ce sai an nemo ƙarfen sifirin na babbar mota, da gawayin ƙirya buhu-buhu, kuma zai aje aikin manoma na makonni, ga baduku da zai yi kube da nasa kuɗin daban. Duka-duka fam shida. Ƙanen matata ya yi tari ya juya yana duba tayar kekensa. Da wannan kuɗi sai a sayi takubban kasuwa uku a yi canji.

Maƙerin ya ce gara ya faɗa mini gaskiya, lanƙwasa da kaifi zai iya, amma wannan sawun ruwa bai san yadda suke fitar da shi ba. Sai ya tambaye ni a ina na ga irin wannan takobi. Na ce a Boma.

Hannunsa ya tsaya a kan zugazugi. Ya ce, "Ka je can da ƙafarka?"

Na ce na je. Ya ce ƙanensa Tanko ya tafi, bai dawo ba. Saƙo kawai aka kawo musu cewa ya rasu. Ya kwatanta mini shi, dogo mai wushirya. Na so ƙwarai in ce na san shi, amma ban san shi ba, mu da yawa ne kuma an rarraba mu cikin daji. Na faɗa masa haka. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Soja, waɗanda suka mutu a can, ana yi musu sallah?"

Wannan kam na sani. Ni Kirista ne, amma na haƙa kaburbura da hannuna ba adadi. Na gaya masa muna da liman a cikinmu, kuma in dai mun samu gawar ɗan'uwanmu ba ma barinta. A naɗe shi da bargonsa, Musulmi su yi sahu, mu sauran mu tsaya a baya mu cire hula. Maƙerin ya tashi ya yayyafa wa wutarsa ruwa, ya ce in taimaka in zo in faɗa wa tsohuwarsu da bakina.

Muka bar ƙanen matata da keke, muka taka zuwa Jushi. Tsohuwar tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, idonta ya tafi. Na durƙusa na ce, "Inna, sannu da gida," na maimaita mata abin da na faɗa wa ɗanta. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko akwai itatuwa a ƙasar, na ce sun fi na nan yawa, rana ma da ƙyar take taɓa ƙasa. Ta tambaya ko suna samun tuwo, na ce shinkafa ce kullum, har mutum ya gaji. Ta yi ɗan murmushi ta ce ai Tanko ba ya son shinkafa. Sai ta laluba ta kama hannuna ta riƙe, tana shafa yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Na bar mata hannun har ta sake shi don kanta. Ta sa aka dama mini fura, kuma ba ta yarda na tashi ba sai da na shanye.

A hanyar komawa maƙera na yi zaton zai rage mini wani abu. Bai rage ko sisi ba, ya ce gawayi bai san zumunci ba. Abin da ya yarda da shi kawai, in ba da kafin alƙalami yanzu, sauran sai bayan kaka. Ya sake ce mini in tuna fa ba zai zama wancan takobin ba. Na ce na sani. Da muka isa na ba shi fam ɗaya. Ya sa ƙafa ya kewaye zanen nan na ƙasa da duwatsu don kada a taka.

Da la'asar muka kamo hanyar gida, hadari na binmu a baya. Ƙanen matata ya yi ta lissafin fallen kwano nawa fam shida zai saya, ni kuwa hankalina na Jushi. Yayyafi ya cim mana daf da Samaru. Matata ta dubi hannuna ta ga ba komai, ta tambaya yaya aka yi. Na zauna a bakin murhu na ba ta labarin tsohuwar, daga nan na zarce da labarin Boma, abin da ban taɓa yi ba tun da muka yi aure. Ta ce in zan koma karɓar takobin, za ta ba ni daddawa in kai wa Inna.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan. Shekara da shekaru ina ganin ni kaɗai na baro wani abu a wancan daji, ashe nan kusa da ni akwai gidan da suka baro mutum, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya ce musu ga yadda aka kwantar da shi.