Ya Ce Sai Ruwa Mai Tafiya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, kuma shekara bakwai ke nan ana faɗa a Yawuri cewa ni na ƙarasa shi. Ba a faɗa a gabana, amma duk maganar tana iso ni har ɗakina a unguwar Shifa, nan Riyad. Wai na ɗauki mutum mai ciwon zuciya na kai shi yawon jirgin ruwa a ƙasar Turawa, maimakon in kai shi gida 'yan'uwansa su gan shi. Da farko takaba ta sa na yi shiru, daga baya kunya. Yanzu girma ya kama ni, kunyar ta ragu, saboda haka bari in faɗi tawa.

Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa a jarida zan fara ba. A gida Baban Rabi ne. A kasuwar Dira, inda ya yi fiye da shekara ashirin yana tuƙa wani Balarabe mai shagon darduma, 'yan'uwanmu Hausawa Basarke suke ce masa, don ɗan masunta ne gaba da baya. A bakin Kwara aka haife shi, ya iya riƙe filafili tun bai iya ɗaura wando ba. Sai ga shi abinci ya kawo shi garin da babu kogi. Ran Juma'a da la'asar yakan ɗauke ni mu je Wadi Hanifa, inda aka gyara kwari aka tara ruwa, ya zauna ya zuba masa ido. Ba a shiga, ba a saka jirgi. Ruwan kallo yake ce masa, ya yi tsaki, mu tashi mu koma gida.

Ciwon ya fara kama shi shekara biyu kafin rasuwarsa. A hutun da ya biyo baya mun je Yawuri, kuma a can na ga abin da har yau yake ci mini rai. Yayansa, Yaya Ɗanjuma, ya sa aka shimfiɗa masa katifa a zaure. Tun safe har magariba mutane ke shigowa, sannu, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ranar da ya ce zai leƙa bakin ruwa, sai da aka taru a kansa kamar ya ce zai faɗa rijiya. Har muka baro garin bai taka jirgi ba. Soyayya ce, na sani. Amma mutumin da na koma da shi Riyad ya fi wanda na kai rashin lafiya.

Da hutu na gaba ya matso, kafilinsa, wato Balaraben da yake wa aiki, ya sa hannu aka ba mu takardar fita da dawowa. Yaya Ɗanjuma ya aiko cewa katifa na nan tana jira. 'Yarmu Rabi kuwa, wadda take aikin jinya a Birmingham da mijinta Kabiru, ta ce mu zo mu ga ɗakinta. Cikin hira ne kawai ta turo wa babanta hoton wani jirgi, siriri dogo, an yi masa fenti kore, da gadaje da murhu a cikinsa. Ta ce can akwai tsofaffin hanyoyin ruwa da aka haƙa da hannu tun zamanin da ake jigilar kaya da su, yanzu mutane kan yi hayar irin wannan jirgi su tuƙa da kansu, su kwana a ciki, tafiyarsa ba ta wuce ta mai tafiya a ƙasa ba. Wallahi da ta san abin da hoton nan zai jawo, da ba ta turo ba.

Ɗanmu na fari ya bugo masa taswirar hanyoyin a wurin aikinsu. Baban Rabi ya baje ta a kan dardumar falo, ya danne gefunan da kofunan shayi, kullum ya dawo aiki sai ya duƙa a kanta da tabarau. Hanyoyin suna da yawa, sun sarƙe kamar jijiyoyin bayan hannu. A kan wasunsu akwai ƙofofin ruwa, wato wurin da jirgi zai shiga wani ɗaki a rufe, a cika ɗakin da ruwa ya ɗaga shi sama, ko a rage ya sauko da shi, kuma da ƙarfin damtse ake buɗe su. Kabiru, da yake jini na tafasa, ya so mu bi wata hanya mai zagaye, mu fita ta nan mu ɓullo ta can, ƙofofi birjik. Rabi ta ce ko kusa. Ta zaɓo wata gajeriya, shimfiɗaɗɗiya, ba ƙofa ko ɗaya, ta ce ita ake ba duk wanda bai taɓa yi ba, balle mai shan maganin zuciya.

Ya saurare su ta kiran bidiyo har suka gama, sannan ya yi tambayar da ɗan Kwara ne kaɗai zai yi.

"To, ruwan ta ina yake gangarawa?"

Rabi ta yi dariya. "Baba, ai ba kogi ba ne. Haƙa shi aka yi, ruwan a tsaye yake."

"A tsaye?"

"A tsaye cak."

Ya cire tabarau, ya naɗe taswirar. Ya ce shi ba zai keta duniya don ya je ya zauna a kan kududdufi ba, idan ruwan kallo ne akwai shi a Riyad. Ya daina maganar gaba ɗaya. Abinci ma sai ya tsakura ya ture. Ina kallonsa yana komawa mutumin nan na kan katifar zaure, raina ya ɓaci. Na kira Rabi na ce, duk faɗin ƙasar taku a ce babu ruwa ɗaya mai motsi? Ki bincika.

Ta bincika, ta samo. Akwai wata hanya da ta nufi yankin Wales, wadda daga can samanta wani kogi ne yake zuba mata ruwa, saboda haka tana gudu, ko da yake a hankali. Amma tana da ƙofofi, tana da wuraren da suka matse, kuma kusa da ƙarshenta akwai wata doguwar gada da ke ɗauke da ruwan da jirgin gaba ɗaya ta tsallaka da su wani kwari mai zurfi. Rabi ta ce, "Umma, don Allah kada ki faɗa masa. Ni na san abin da ke cikin ƙirjin Baba, ke ba ki sani ba."

Na ce mata ita ta san ƙirjin, ni na san mutumin. Ina ajiye waya na je na same shi na faɗa masa. Wannan shi ne laifin da ake tuhumata da shi, kuma ban taɓa musun na aikata ba.

Ku zo ku ga tsoho ya miƙe kamar an yi masa allura! Taswira ta dawo kan darduma. Garin da ke ƙarshen hanyar Llangollen ake rubuta shi, harshenmu ya kasa, shi kuwa ya raɗa masa Langalanga, har Kabiru ya kama. Rabi ta yi fushi da ni na ɗan lokaci, sannan ta kafa sharuɗɗanta: ba zai taɓa ƙofa ko ɗaya ba, wannan aikin Kabiru ne, magani a kan lokaci, in ta ce a tsaya, a tsaya. Ya ce ya ji ya yarda, shi dai a bar masa tuƙi. Yaya Ɗanjuma da labari ya kai masa, ni ya kira, ba ƙaninsa ba. Ya ce, "Maman Rabi, ke ce mai hankalin gidan, ki hana shi." Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba yaro ba ne." Tun daga ranar gaisuwarmu ta zama ta sama-sama.

Safiyar da aka ba mu jirgin ana yayyafi, sanyi har cikin ƙashi. Kafin ya shiga, ya tsuguna a bakin ruwan, ya tsinki ciyawa ya jefa. Muka tsaya muna kallo. Ciyawar ta ɗan juya, sannan ta kama hanya. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yana tafiya." Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da aka kai ni gidansa.

Kada wani ya zaci gwaninta ya je ya nuna. Jirgin ƙarfe mai inji ba kwalekwale ba ne, ranar farko sau nawa ya kai wa gaɓa karo, tukunyar shayi ta kife, Rabi tana salati shi yana ƙyalƙyala dariya. Alƙibla ma ta ba mu aiki, don duk kwanar da aka sha sai ta sauya, dole mu ɗaure jirgi mu fita kan ciyawa mu yi salla, shanun Turawa suna kallonmu. Amma da yake muna hawa ne ruwan yana saukowa, yakan ce yana jin sa a tafin hannunsa, yana ture sandar tuƙi. A kan gadar nan kuwa, gefe ɗaya ba shinge ba komai, sai sarari da kan bishiyoyi can ƙasa. Na shige ciki na rufe ido. Ya yi ta kira, "Fito mana, matsoraciya!" Na fito na riƙe rigarsa. Da muka tsallaka ya kama hannuna ya ɗora a kan sandar, ya ce in tura dama in ina son hagu, ya koma gefe ya harɗe hannu.

Bara da aka ba mu mata izinin tuƙin mota a ƙasar nan, jikokina suka zo suna tsokanata wai yaushe zan koya. Na ce su rufa mini baki, na riga matan Riyad riƙe abin tuƙi. Nakan so in san me zai ce da garin nan yanzu. An farfasa tituna ana haƙa hanyar jirgin ƙasa, ramuka dogaye ko'ina, kuma na tabbata da yana nan da ya leƙa ya ce a cika su da ruwa a huta. Abokansa na Dira da yawa sun tattara sun koma gida, wasu da son ransu, wasu dole. Da ya yi kewarsu. Ni iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta koma hannun ɗana, ina nan zaune.

Watanni bayan dawowarmu, wata rana da hantsi, ya faɗi a ƙofar shagon kafilinsa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Babu likitan da ya ce tafiyar ce ta jawo, babu kuma wanda ya ce ba ita ba ce, ni ma ba zan yi wa Allah shisshigi ba. A nan aka binne shi. Ya yi niyyar zuwa Yawuri a hutu na gaba, hutun bai riske shi ba.

Yaya Ɗanjuma, na san za a karanta maka wannan. Ka rasa ƙaninka ba ku yi sallama ba, kuma ni na san wannan ciwo ne da ba ya warkewa. Ban raina shi ba, na yi maka kuka a kansa fiye da yadda kake zato. Amma ka dubi abin da ya rage mana na mutumin nan. Bai bar gida a Riyad ba, baƙo ba ya barin gida a nan. Kabarinsa ba suna, mu mata ma ba ma zuwa. Abin da ya rage shi ne yadda kowannenmu ya gan shi a ƙarshe. Ku majinyaci kuka so ku gani, ku yi masa sannu. Ni na ga mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai wani inda wani yake so, sau ɗaya tak ya zaɓi hanya da kansa, ya tsaya da ƙafafunsa a bayan jirgi, ruwan sama na dukansa, babu mai ce masa ya kwanta.

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. In da za a mayar da ni ranar da Rabi ta ce kada in faɗa masa, wallahi ko waya ba zan tsaya ajiyewa ba.